Yadda Zaka Gyara Sautin Jitar Lantarki Tun Daga Yatsa Har Sifika

Shekarata ta biyu da fara riƙe jitar lantarki, fedoji biyar ne jere a gabana kowacce da launinta, wato ƙananan akwatunan nan da ake takawa da ƙafa su canza sauti, ga kebul birjik kamar saƙar gizo-gizo, amma in na kaɗa abin da ke fitowa daga sifika sai kace ƙudan zuma aka kulle a gwangwani. Ni a lissafina akwai wata feda guda ɗaya da ban mallaka ba tukunna, ita ce zata gyara komai. Rannan a wurin rihazal wani dattijo da ya daɗe a harkar ya ce "ɗana, miƙo nan in gani." Ya zare kebul ɗina daga fedar farko ya soka shi kai tsaye a amfi, wato na'urar da ke ƙara sauti, ya murɗa gen, maɓallin da ke sa sauti gurnani, daga 9 ya dawo da shi wajen 3, ya bi tsirkiya ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne, ya ɗaure biyu daga ciki, sannan ya kaɗa. Wallahi sai da na leƙa bayan amfin in ga ko wani abu ya jona ban sani ba. Jitata ce, amfina ne, amma kamar ba su ba. Ya miƙo min ya ce "gen ɗinka ya yi yawa, kuma jitar bata kan saiti," ya koma ya zauna abinsa.

To hanyar da sauti ke bi ita zamu bi a nan, daga jita zuwa kebul zuwa amfi, fedoji kuma ko da yake kafin amfi ake jona su sai a ƙarshe zamu zo kansu, don a wannan jerin ne ya kamata ka riƙa neman matsala, in ka fara daga feda ɓata lokaci kawai zaka yi irin wanda na yi.

Fara da jitar ba tare da ka jona ta ba

Eh, kar ka kunna komai. Zauna ka kaɗa ta haka nan, in tana zizar ƙarfe a wasu wurare ko sautin na mutuwa da wuri to amfi ƙara maka wannan aibin kawai zai yi.

Abu na farko tsirkiya. In ta yi tsatsa ko ta yi baƙi ka canza, babu feda a duniya da zata dawo da ƙyallin tsohuwar tsirkiya. Kaurinta ana faɗinsa ne da kaurin mafi siririya a inci, zaka ji ana cewa 9 ko 10, wato .009 zuwa .042 ko .010 zuwa .046. Mai farawa ya ɗauki 9, yatsa zai fi samun sauƙi. Akwai masu cewa sai tsirkiya mai kauri ake samun sauti mai nauyi, su kawo maka misali da Stevie Ray Vaughan da ya riƙa amfani da 13, to ai Billy Gibbons na ZZ Top da 7 yake kaɗawa kuma babu wanda ya taɓa cewa sautinsa ya rame. In ka sa sababbi ka ɗan jajja kowacce sama da yatsa, ka sake ɗaurewa, ka maimaita kamar sau uku har ta daina sauka, in ba haka ba tsakiyar kiɗa zata baka kunya.

Saitin da aka saba daga mai kauri zuwa siririya shi ne E A D G B E, kuma ka duba tiyunarka, wato na'urar da ke nuna ko tsirkiya na kan saiti, tana kan 440, don wani lokacin hannu na taɓa ta ta koma 442 ko 435 kai baka sani ba, kana ta rantsuwa kana kan saiti alhali kai kaɗai ne a gefe. Kullum ka hau zuwa sautin daga ƙasa. In ka wuce, sassauta ka sake hawa, ta fi zama daram.

Sai abin da yawancin masu farawa basu san da shi ba. Jita na iya zama daidai a buɗe amma ka hau can saman wuya ta karkace. Gwajin ba wuya, saita tsirkiyar a buɗe, sannan ka danne ta a firet na 12, firet su ne ƙananan ƙarafan da aka gitta a wuyan jita, ka kalli tiyuna. Ya kamata harafi ɗaya ya nuna cif. In ya haura sama to tsirkiyar ta yi gajarta, ɗauko sukudireba ka je birij, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kai a jikin jita, ka ja ɗan sirdin da take kai baya, nesa da wuya. In ya gaza ka turo shi gaba. Kaɗan-kaɗan, kuma duk juyi ɗaya ka sake saitawa kafin ka sake gwadawa. Aikin minti ashirin ne amma zaka ji sautukan kodinka, wato waɗanda kake kaɗawa tare, sun daina faɗa da juna.

Tazarar tsirkiya da firet na 12 ta kasance tsakanin milimita 1.5 zuwa 2, mai kaurin ta ɗan fi tashi. Shi kuma ƙarfen da ke cikin wuya wanda ake juyawa da alanki, in zaka taɓa shi kar ka wuce kwatan juyi a lokaci guda, ka bar itacen ya huta kafin ka ƙara, in kuma ka ji ya cije to ka shafa wa kanka lafiya ka kai wa mai gyara.

Fikof da maɓallan da kowa ke mantawa da su

Fikof ba wani siddabaru bane, maganaɗisu ne aka naɗe da siririyar wayar tagulla zagaye dubbai, tsirkiyar ƙarfe na rawa a kansa yana haifar da 'yar wuta mai rauni, ita amfi ke ƙarawa. Iri biyu ne manya. Akwai mai naɗi ɗaya irin na Fender Telecaster da Stratocaster wadda ta fito a 1954, sautinsa tas yake da kaifi, amma yana kwaso ƙugin wutar lantarki, wancan "hmmm" ɗin da kake ji mai bugu 50 ko 60 a daƙiƙa gwargwadon wutar ƙasar da kake. Sai hambaka mai naɗi biyu, wanda Seth Lover ya ƙera wa Gibson aka fara sa shi a Les Paul a 1957, naɗin biyu a juye suke da juna don haka ƙugin ɗaya na cinye na ɗayan, sautin kuma ya fi kauri da duhu. Babu wanda ya fi wani, aikinsu ne daban. In Strat gareka kuma ƙugi ya dame ka, jefa suwic ɗin zuwa matsayi na 2 ko na 4, a yawancin na zamani nan ma ƙugin na ɓacewa saboda fikof na tsakiya an naɗa shi a juye.

Fikof na kusa da wuya yana ba da sauti mai taushi da kauri, na kusa da birij mai kaifi da cizo. Dalili kuwa tsirkiya ta fi lilo a tsakiya, kusa da birij a matse take. Wannan dalilin ne kuma yasa in ka matsar da hannun da kake kaɗawa da shi gaba ko baya sautin ke canzawa ba tare da ka taɓa maɓalli ko ɗaya ba, gwada yanzu ka ji.

Maganar da nake so ta zauna maka a nan ita ce ta bolum da ton na jikin jitar, ton shi ne maɓallin rage kaifin sauti. Mutane na ƙure su a 10 su manta da su har abada. Kuskure ne. Saita amfinka yadda in bolum na 10 yana da ɗan gurnani, sai ka sauke bolum zuwa 6 ko 7, zaka ji sautin ya wanke ya zama tas, lokacin solo ka tura shi 10 da ƙaramin yatsa. Kaga ka samu sauti biyu baka taka komai ba. Ton kuma in fikof na birij na soka maka kunne sauke shi zuwa 6 ko 7, shikenan.

Kebul da ƙugi

Ba sai ka nemi kebul mai ruwan gwal ba, mai kyakkyawan kai wanda baya ƙaras-ƙaras in an motsa shi ya isa. Tsawo ne ke da tasiri, in ya wuce mita biyar zuwa shida kaifin sautin na fara raguwa. Ka zura shi ta cikin maɗaurin kafaɗa kafin ka soka a jita, ranar da ka taka shi zaka gode min. Kuma kebul ɗin jita daban na sifika daban, ko da kawunansu iri ɗaya ne, in ka haɗa kan amfi da akwatin sifika da kebul ɗin jita siririyar wayar ciki na iya zafi ta ƙone ta ja maka asara.

In kana jin ziza kuma da ka ɗora hannu kan tsirkiya ta ragu, wannan ba matsala bace, haka abin yake. In kuma ƙaruwa take to akwai wayar da aka jona ba daidai ba a ciki. Matsa daga kusa da kwamfuta da cajar waya da wasu fitilu, ko ka ɗan juya jikinka kana riƙe da jitar, zaka samu kusurwar da ƙugin ke yin ƙasa. Amma don Allah kar wani ya ce maka ka karya ƙafar wayar ƙasa ta fulogin amfi wai don ƙugi ya tafi. Tsirkiyar da ke hannunka a jone take da jikin amfin, in wuta ta zame ciki ta jikinka zata bi, akwai makaɗan da suka rasa ransu a kan dandamali ta haka. In leɓenka ya taɓa makirfo ka ji ɗan shokin, tsaya nan take a duba wayarin.

Amfi

Nan ne rabin sautinka yake, kai fiye da rabi ma. Akwai mai kwalba, wato tiyub, akwai na taransisto, akwai na dijital da ke kwaikwayon sauran. Na dijital na yanzu sun yi nisa sosai, mai koyo a ɗaki ya riƙe ɗaya da hedifon hankalinsa kwance, kar maganar masu cewa sai tiyub ta ɗaga maka hankali.

Yadda zaka saita. Bes da mid da tirebul, wato maɓallan sautin ƙasa da na tsakiya da na sama, duk ka ajiye su a tsakiya, kashe duk wani ifet, wato kwalliyar sauti, na cikin amfin, gen a 2 ko 3, sai ka ɗaga masta, babban maɓallin ƙara, har ƙarar ta kai yadda zaka yi kiɗan da gaske, don kunne baya jin bes da tirebul sosai in ƙara ta yi ƙasa, abin da ka saita da daddare a hankali zai zama wani abu daban a gaban mai ganga. Daga nan ka riƙa murɗa maɓalli ɗaya tak a lokaci guda, ka kai shi ƙarshe ka dawo da shi farko ka ji aikinsa, sannan ka ajiye shi inda ya dace. In sauti ya cakuɗe rage bes tukunna kafin ka ƙara tirebul.

Mid kuma kar ka kwashe shi. Na san daɗin da ake ji in an sauke mid zuwa sifili an ƙure bes da tirebul, kai kaɗai a ɗaki ji zaka yi kamar aradu, amma da zarar jitar bes ta shigo ta mamaye ƙasa, faifan ƙarfen mai ganga suka mamaye sama, sai ka neme ka ka rasa, ka ƙara bolum, mai bes ya ƙara, mai waƙa ya fara harara. Gidan jita a tsakiya yake.

Gen shi ne babban tarko. Yana matse sauti ya daidaita mai ƙarfi da mai rauni, shi yasa kaɗawa ke yin sauƙi, shi yasa kuma yake ɓoye kuskure a kunnenka kai mai kaɗawa amma ya tona shi a kunnen mai sauraro, don duk tsirkiyar da baka kashe ba sai ta yi kuka. Dokar da nake bi, in na kai inda nake jin ya yi daidai sai in rage kashi ɗaya cikin huɗu. Ka saurari tsofaffin faifan AC/DC da kyau, zaka sha mamakin ƙarancin gen ɗin, ƙarfin daga hannu yake da ƙarar amfi.

Wat kuma yaudara ce. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa, kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai ka ninka wat kusan sau goma, don haka mai wat 100 bai ninka mai 50 a ƙara ba ko kusa. Tiyub mai wat 15 zuwa 20 na iya tsayawa da mai ganga. In tiyub gareka kar ka taɓa kunna shi babu sifika a jone, taransifomar fita na iya ƙonewa, kuma lambar om da aka rubuta a jikin amfi da ta jikin sifika su dace, 8 da 8, 16 da 16. Kar ka buɗe cikinsa ko da a kashe yake, akwai kafasito da ke riƙe wutar da zata iya kisa. Kunnenka ma ka tausaya masa, desibel 85 ne ake ƙiyasta mutum zai iya ɗauka na awa takwas, duk ƙarin 3 lokacin na rabewa biyu, rihazal kuwa ya wuce nan nesa, ka nemi abin toshe kunne na makaɗa.

Ɗaga amfin daga ƙasa ko ka jingina shi ya kalli kanka. In yana harbin gwiwarka baka jin tirebul ɗin da mutanen gaba ke sha.

Yanzu fedoji

Feda ta farko da zaka mallaka tiyuna ce, ba wasa nake ba, tana saita ka kuma tana kashe sauti in zaka canza jita.

Sai masu datti, wato masu sa sauti gurnani, su uku ne. Obadiraib shi ne mai sauƙi, yana kwaikwayon tiyub da aka matsa wa, in ka kaɗa a hankali ya yi tas in ka buga ya yi gurnani. Ibanez Tube Screamer ta 1979 ita ce fitacciya, tana rage bes ta turo mid wajen bugu 720 a daƙiƙa, shi yasa ita kaɗai a ɗaki zaka ce ta rame amma cikin ƙungiya sai ka ji ta fito fili. Dabarar da masu kiɗan metal ke yi da ita, su sauke diraib kusan sifili su ɗaga lebul, su tura ta cikin amfin da ya riga ya yi datti, sai ƙasan ya ɗaure ya daina kwararrabewa. Distoshin ya fi ƙarfi kuma ya fi matsewa, irin Boss DS-1 ta 1978. Faz kuma shi ne kakansu, tun Maestro Fuzz-Tone ta 1962, sai Fuzz Face ta 1966 wadda Jimi Hendrix ya shahara da ita, sauti ne kamar sifika ta yage. Irin Fuzz Face na da halinta, tana son jita ta shigo mata kai tsaye ba wata feda a tsakani, kuma in ka sauke bolum na jita tana wankewa ta ba da wani sauti mai ƙyalli da baka samu a ko'ina, masu taransiston jamaniyom ɗin har zafi da sanyi na canza musu murya.

Duk wadda ka taka, ka daidaita lebul ɗinta yadda a kunne da a kashe ƙarar zata zo kusan ɗaya, ko a kunne ta ɗan fi kaɗan.

Jerin da aka saba jona fedoji daga jita zuwa amfi, tiyuna, sai wah mai sa jita kamar tana magana, sai kwamfiresa mai daidaita ƙarfin sauti, sai masu datti, sai masu lilo irin koras da feza da filanja, sai dile mai maimaita sauti, ribab mai amon ɗaki a ƙarshe. Ita wah ɗin nan ka kula da yadda kake kiran sunanta a gaban mutane, kar ka maimaita sau biyu wani ya zaci da shi kake. Dalilin jerin shi ne abin riƙewa ba haddar ba. In dile na bayan distoshin to sautin da ya riga ya yi datti ake maimaitawa, kowane amo na fita daban yana dusashewa. In ka juya, distoshin zai kwashi amon farko da na biyu da na uku ya dama su wuri ɗaya, ya kuma ɗaga waɗanda ya kamata su mutu, sai ka samu taɓo. In dattin daga amfi kake samunsa ba daga feda ba, duba bayansa akwai ramuka biyu na aikawa da dawowa, nan zaka sa dile da ribab don su zo bayan dattin. Da ka gane dalilin kana iya karya jerin da gangan, wah bayan faz misali wani abu ne daban kuma akwai masu sonsa.

Dile ya cancanci a tsaya a kansa don shi ne mutane suka fi ɓatawa. Maɓallai uku ne, lokaci, yawan maimaici, da yawan amon a cikin sauti. Lokacin lissafi ne mai sauƙi, raba 60,000 da saurin waƙar. Waƙa mai bugu 120 a minti, bugu ɗaya milisakan 500 kenan. In kana son wancan salon da The Edge na U2 ya yi suna da shi, ɗauki kashi uku cikin huɗu na wannan, wato 375, maimaici ɗaya ko biyu, amon ya kusa kai ƙarar asali, sai ka kaɗa sau biyu a kowane bugu a tsanake kana ɗan kashe tsirkiya da tafin hannu, amon zai riƙa faɗawa a tsakanin bugunka ka ji kamar mutum biyu ne. Sharaɗin dai kar ka yi sauri, in ka zame daga bugun ko kaɗan duk ginin rushewa yake. Gajeren dile kuma na milisakan 80 zuwa 120 da maimaici ɗaya yana ƙara wa sauti jiki ba tare da an gane ka kunna wani abu ba. Ribab ka sa har ka fara jinsa sannan ka ɗan rage, in ɗakin da kake ciki na amsawa da kansa ka kashe shi ma gaba ɗaya.

Wutar fedoji, nan na taɓa yin kuka. Yawancinsu bolt 9 suke ci na DC, kuma tsakiyar fulogin ne negatib. Na taɓa ɗaukar adaftar wata na'ura don kanta ya shiga ramin daidai, na jona, fitilar ta yi ƙyal sau ɗaya sai wari, feda ta tafi. Kafin ka jona ka karanta abu uku a jikin adafta da jikin feda, bolt ya zama ɗaya, DC ne ko AC, da zanen da ke nuna tsakiya negatib ne ko fozitib. Miliamf kuma in na adafta ya fi abin da fedar ke buƙata ba komai, abin da take so kawai zata ja, in ya gaza ne matsala. Obadiraib kaɗan yake ci, na dijital na iya cin ɗari biyu ko uku. Waccan wayar mai kawuna biyar da ake jera fedoji a kai tana aiki da na analog, amma ka haɗa na dijital a ciki sau da yawa sai ka ji wani siririn fito a sifika, maganinsa akwatin wuta mai raba wa kowace feda layinta daban.

Hannu

Duk abin da na faɗa a sama zaka iya gama shi a mako guda. Wannan kuma shekaru ne.

Kaɗa jitar lantarki rabinsa kashe tsirkiyoyin da baka so ne. Ɗauki misali kana solo a tsirkiya ta uku in an ƙirga daga mafi siririya. Waɗanda ke samanta masu kauri, gefen tafin hannun da ke riƙe fik, wato ɗan abin kaɗa tsirkiya, shi ne zai kwanta a kansu. Waɗanda ke ƙasanta sirara, cikin yatsanka manuni na hannun wuya ne zai ɗan kwanta a kansu ba tare da ya danne ba, kan yatsan kuma ya ɗan taɓa ta huɗu. Da ka sauka zuwa wata tsirkiyar duk wannan shingen ya bi ka. Gwaji, ɗaga gen da gangan, danne sauti ɗaya, ka shari duka shidan da fik. In sauti ɗaya ya fito sauran suka yi "cak" to ka iya, in ka ji hayaniya ka ga aikin da ke gabanka.

Kashewa da tafin hannu don samun wancan "jug jug" ɗin, gefen hannu zai zauna daidai inda tsirkiya ta bar sirdi. Ka yi gaba da yawa sautin ya mutu, ka yi baya da yawa ba abin da ya faru, tazarar bata fi faɗin yatsa ba. Gwada da tsirkiya ta shida a firet na 5 da ta biyar a firet na 7, wannan kod mai sauti biyu shi ne ya fi jituwa da distoshin, don sautukan biyu rabonsu 3 da 2 ne basa faɗa, cikakken kod mai sauti shida kuwa a gen mai yawa dagulewa yake.

Lanƙwasa tsirkiya shi ke raba wanda ya iya da wanda ke koyo, kuma ba ƙarfi bane, kai wa daidai ne. Danne ta uku a firet na 9 ka saurara da kyau, ka riƙe sautin a ka. Dawo firet na 7 da yatsa na uku, na biyu da na farko a bayansa suna taya shi turi, babban yatsa ya rataya a saman wuya, sai ka juya wuyan hannunka kamar kana buɗe ƙofa da mabuɗi har sautin ya kai na firet 9 ɗin. Kalli tiyuna in kana shakka. Yawanci gazawa ake kaɗan, kuma wannan kaɗan ɗin kowa na jinsa ko wanda bai san kiɗa ba. Girgiza sauti ma daga wuyan hannu yake, ƙananan lanƙwasa ne a jere masu dawowa daidai inda suka tashi, fara a hankali da metronom, na'urar da ke riƙe maka bugu, kana ƙirgawa. B.B. King sauti ɗaya zai riƙe ka gane shi ne, saboda wannan girgizar.

Sai bugawa da yatsa da fizgewa ba tare da fik ya sake taɓawa ba. Kaɗa ta uku a firet 5, ka sauke yatsa na uku a 7 kamar guduma, sannan ka fizge shi ƙasa kaɗan yadda zai tsinki tsirkiyar, ba ɗagawa kawai ba. In kana son jin inda wannan dabarar ta kai ka saurari makaɗan jitar Nijar Bombino ko Mdou Moctar, yadda suke barin tsirkiya ɗaya a buɗe tana ta amo a ƙasa yatsu kuma na zuba a sama kamar ruwa. Wurin gwada duk waɗannan shi ne sikelin sauti biyar a firet na 5, daga mai kauri 5 da 8, sai 5 da 7 sau uku, sai 5 da 8 sau biyu.

Fik mai ɗan tauri, daga milimita 0.7 zuwa 1, ya fi ba da iko a solo, kar ka bar fiye da ɗan tsininsa a waje, kuma kar ka shaƙe shi. Hannun wuya ma haka, danna dab da bayan ƙarfen firet da ƙarfin da zai hana ziza kawai, in ka matsa da yawa sautin na haurawa sama musamman da tsirkiya 9.

Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar hutu. Rabin lokacin ka yi shi da sauti tas ba ifet ko ɗaya don ka ji ko yatsunka na fitar da kowane sauti, rabin kuma da datti don ka ji ko kana kashewa, kowanne na tona aibin da ɗayan ke rufewa. Metronom a 60, sai ka yi abu sau biyar a jere ba kuskure sannan ka ƙara 4 ko 5. Ka ajiye wayarka ta ɗauki sautin ka saurara washegari, ba daɗi da farko kam, ni ranar da na fara ji na gano duk lanƙwasata a ƙasa take tsayawa kuma ina gudu gaban bugu.

In ka gama, amfi ake fara kashewa kafin a zare komai, wajen kunnawa kuma shi ne na ƙarshe, in ba haka ba wannan "ɗum" ɗin sifika ce ke shan sa. Goge tsirkiya da busasshen ƙyalle sama da ƙasa, sannan in fedarka da batir take aiki ka zare kebul daga ramin shigarta, don muddin yana ciki tana shan batir ko fitilarta a kashe take.